Yadda Mai Ƙaramar Sana'a Zai Sa A Same Shi A Intanet

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. A da, idan baƙo ya sauka a gari yana neman tela, ko maƙeri, ko mai gyaran agogo, sai ya tambayi mai masaukinsa, ko ɗan kamasho a tasha, ko wani dillali a bakin kasuwa. Wanda aka tambaya kuwa ya san garin lungu da saƙo, ya san mai kyan hannu, ya kuma san mai saɓa alkawari. Har yanzu ba a daina tambaya ba, sai dai wanda ake tambaya ne ya sauya. Yau ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko uwar amarya da ke neman mai ɗinkin labule a Kaduna, ko direban da motarsa ta lalace a hanyar Lakwaja, kafin su buɗe baki su tambayi mutum sai sun fara zaro waya sun tambaye ta.

Wannan sauyi bai daɗe ba. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu kuwa na ofisoshi ne da gidajen manya. A ƙarshen 2024, bisa ƙididdigar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, layukan waya masu aiki sun haura miliyan 150. Wani bincike kuma da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a ƙarshen 2020 akwai irin waɗannan sana'o'i fiye da miliyan 39, mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan. Kullen annobar korona a 2020, da ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sun tilasta wa jama'a da dama saye da biya ta waya, kuma da yawa daga cikinsu ba su koma tsohuwar hanya ba.

Abin da ya kamata kowane mai sana'a ya fara ganewa shi ne, wannan sabon ɗan jagora bai taɓa taka kasuwa ba. Bai san shagon kowa ba, sai abin da aka rubuta masa. Telan da ya shekara talatin a kan keke, wanda unguwa duka ta san shi, idan ba a rubuta sunansa ba to a wurin waya babu shi a duniya. Yaron da ya yaye bara kuwa, in ya rubuta nasa, shi za a nuna wa baƙo.

Yadda injin bincike yake aiki

Injin binciken da mafi yawan 'yan Nijeriya ke amfani da shi na kamfanin Google ne, wanda aka kafa a Amurka a 1998. Akwai wasu, kamar Bing na kamfanin Microsoft, amma aikinsu kusan iri ɗaya ne. Kamfanin yana da manhajoji da ba su hutu dare da rana, suna bin shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya, suna kwafe abin da ke ciki suna zubawa a wani babban kundi, kamar yadda magatakarda yake tara sunaye a littafin haraji. Idan mutum ya rubuta tambaya, ba intanet ɗin duka ake zagawa a lokacin ba. Kundin nan ake buɗewa, a tsamo abin da ya yi daidai da tambayar, sa'an nan a jera shi daga sama zuwa ƙasa. A nan ne gasar take, domin kaɗan ne daga cikin masu bincike suke da haƙurin gangarawa ƙasa. Waɗanda suka fito a sama su ake kira.

Game da shaguna da wuraren sana'a, kamfanin da kansa ya bayyana abubuwa uku da yake dubawa wajen jerawa. Akwai dacewa, watau ko bayanin wurin ya yi daidai da abin da ake nema. Akwai kusanci, watau nisan wurin daga inda mai tambaya yake tsaye. Akwai kuma shahara, wadda ake aunawa da abin da jama'a suka faɗa a kan wurin da yawan ambatonsa a wasu shafuka. Ya kuma ce babu hanyar da mutum zai biya kuɗi, ko ya yi roƙo, a ɗaga shi a wannan jeri. A lura da zancen kusanci, domin gata ne ga ƙaramin mai sana'a. Direban da tayarsa ta fashe a Gwagwalada ba ya buƙatar babban kamfanin taya na Legas, mai facin da ke kusa da shi yake nema, kuma shi waya za ta nuna masa muddin ta san da zamansa.

Sabbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu amsa tambaya da cikakkiyar magana, waɗanda suka yaɗu tun daga ƙarshen 2022, ba su sauya wannan ƙa'ida ba. Su ma daga abin da aka rubuta suke ɗiba.

Shigar da shago a taswira

Mataki mafi amfani, wanda kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne shigar da wurin sana'a a taswirar Google Maps. Ana yin haka ta wani tsari da aka fara a 2014 da sunan Google My Business, aka sauya masa suna a 2021 ya koma Google Business Profile. Abin da ake buƙata shi ne waya mai intanet da adireshin imel. Mai sana'a zai rubuta sunan shagonsa, da irin sana'ar, da adireshi, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, ya kuma sa hotuna.

Wurin adireshi ne aka fi yin tuntuɓe. Unguwanni da yawa a ƙasar nan ba su da sunan titi ko lambar gida, kwatance ake yi: bayan gidan mai, daura da masallacin Juma'a, layi na uku in an wuce famfo. Ɗan gari yana gane wannan, amma taswira ba ta ganewa. Abin da take ganewa shi ne ɗigon da aka dasa mata. Saboda haka wajibi ne mai shago ya tsaya a ƙofar shagonsa sosai sa'ad da zai dasa ɗigon, kada ya yi shi da dare yana kwance a gida, domin sau da yawa inda wayar take a lokacin nan za ta ɗauka. Bayan an gama, yana da kyau a ba wani yaro waya daga nesa, a ce ya bi taswirar, a ga ko za ta kawo shi ƙofar shago ko kuwa za ta kai shi bayan katanga. Ɗigon da ya kauce da taku ɗari yana iya kai mai saye shagon maƙwabci, maƙwabcin kuwa ba lalle ne ya nuna masa hanya ba.

A manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Wuse a Abuja, ko Mile 12 a Legas, ɗigo kaɗai bai isa ba, domin rumfuna a cunkushe suke, wasu ma a saman wasu. Tilas a ƙara da sunan gida ko layi, da hawa na nawa, da lambar shago. Hoton gaban shagon, wanda allon suna ya fito a ciki sosai, yana taimakon baƙo fiye da dogon kwatance. Gani ya kori ji. Haka kuma hotunan kaya su zama na kayan da ke shagon da gaske, waɗanda aka ɗauka da hasken rana, ba waɗanda aka kwaso daga shafin wani kamfani na waje ba.

Lokacin aiki ma a rubuta gaskiyarsa. Idan ana rufewa don sallar Juma'a, ko ana sauya lokaci da azumi, ko ana tafiya gida bikin Salla, akwai wurin da aka tanada don rubuta wannan. Mutumin da ya biya kuɗin mota ya zo saboda waya ta ce a buɗe ake, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, da wuya ya sake dawowa.

Kafin bayanin ya zauna a hannun mai shi, kamfanin yakan nemi tabbaci cewa shagon yana nan da gaske. Wani lokaci yakan aiko da lamba ta saƙon waya ko imel, wani lokaci kuma ya nemi a ɗauki ɗan bidiyo da ke nuna titi, da allon suna, da kayan aiki. Kamfanin ne yake zaɓen hanyar, ba mai shago ba. Wannan ya sa allon suna, ko da na fenti ne a jikin bango, ya ƙara daraja.

Mata masu sana'a a cikin gida, kamar masu turaren wuta, da yaji, da ɗinki, da lalle, da abincin biki, ba tilas ba ne su bayyana gidajensu ga duniya. Tsarin ya yarda wanda yake kai kaya ko aiki wurin mai saye ya ɓoye adireshinsa, ya ambaci unguwanni ko garuruwan da yake kaiwa kawai. Haka ma mai gyaran famfo ko wutar lantarki da ba shi da shago. Don tsaro, wannan ya fi dacewa da duk wanda iyalinsa ke zaune a inda yake sana'a.

Abu na ƙarshe a nan shi ne daidaito. Sunan da ke allo shi ne zai kasance a taswira, da Facebook, da rasit, da jikin leda, harafi da harafi, haka ma lambar waya. Shagunan da ake kira Alheri ko Nasara ba su ƙirguwa a kowane gari. Idan mutum ya rubuta sunansa iri uku da lambobi uku, injin ba zai san cewa wuri ɗaya ba ne, sai shaharar da ya tara ta rabu gida uku.

A yi magana da bakin mai saye

Injin bincike yana haɗa kalmar mai tambaya da kalmar mai sayarwa. Saboda haka tambayar da mai sana'a zai yi wa kansa ba ita ce yaya yake kiran kayansa ba, a'a, yaya mai nemansu yake kiransu. Abin da Bakano yake ce wa tsire, mutumin Legas ko Fatakwal suya zai rubuta. Abin da telan Sabo ta Ibadan yake kira babbar riga, maƙwabcinsa Bayarabe agbada ya sani. Bahaushen da ke sana'a a kudu, ko mai son aika kilishi da zuma da fata zuwa can, ya kamata bayaninsa ya fito da Hausa da Turanci duka, ya kuma rubuta sunan garin yadda yake a taswira, domin mai bincike Lagos zai buga, ba Ikko ba.

Akwai kuma zancen haruffa masu ƙugiya. Rubutun Hausa na ƙwarai yana bambanta ɗ da d, da ƙ da k, amma mafi yawan masu waya ba su sa ƙugiya in suna bincike, dinki suke bugawa, ba ɗinki ba. Babu laifi mai sana'a ya bar rubutun biyu su fito a cikin bayaninsa. Hanya mai sauƙi ta gano kalmomin jama'a ita ce a saurari abin da masu saye ke faɗa in sun tsaya a bakin shago, a kuma fara rubuta sunan sana'ar a wurin bincike a ga abin da injin zai ƙarasa da kansa, domin yawanci daga abin da mutane suke tambaya yake ɗauko shi.

Amma fa wurin waɗannan kalmomi shi ne cikin bayani, ba cikin suna ba. Wasu sukan cusa wa sunan shago jerin kaya da sunayen garuruwa don su yaudari injin. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin, kuma yana iya jawo a dakatar da shafin gaba ɗaya.

Shaidar jama'a

A ƙarƙashin sunan kowane shago akwai wurin da masu saye ke ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, su kuma rubuta abin da suka gani. Wannan shi ne ya gaji shaidar da dillali yake bayarwa a da. Ba abin kunya ba ne mai sana'a ya roƙi wanda ya ji daɗin aikinsa ya rubuta kalma biyu. Abin da aka hana shi ne sayen yabo, ko ba da ragi ko kyauta don a yaba, ko mutum ya tara 'yan'uwansa su yi ta rubutu alhali ba su sayi kome ba. Kamfanin yakan goge irin wannan in ya gano, mai karatu mai hankali ma yakan gane yabo ashirin da suka zo rana ɗaya da baki ɗaya.

Ƙorafi kuwa ba makawa sai ya zo. Mai shago yana da damar ba da amsa a fili, kuma ya tuna cewa ba mai ƙorafin kaɗai zai karanta ta ba, duk wanda zai zo bayansa zai gani. Amsa mai ladabi, wadda ta amsa laifi in akwai, ta kuma faɗi gyaran da aka yi, takan jawo ciniki fiye da yabo goma. Zagi kuwa yana nan zaune a ƙarƙashin sunan shagon shekara da shekaru.

Dandalin sada zumunta da shafin kai

Yawancin cinikin ƙananan 'yan kasuwa a WhatsApp ake ƙulla shi, kuma tun 2018 akwai WhatsApp Business, wanda ke da wurin sa adireshi, da lokacin aiki, da jerin kaya da farashinsu. Sai dai a san iyakarsa. Hoton da aka ɗora a matsayin sanarwar yini yana ɓacewa bayan awa 24, waɗanda ke da lambar mutum ne kaɗai suke gani, injin bincike kuma ba ya ganinsa sam. Watau WhatsApp na riƙe tsohon abokin ciniki ne, ba na kamo sabo ba. Shafin sana'a a Facebook, ko Instagram, ko TikTok ya fi isa ga baƙo, musamman idan a ƙarƙashin kowane hoto ko bidiyo an rubuta sunan kayan, da garin, da yadda za a samu mai shi.

Kada kuma a jingina da dandali ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke a duniya duka har kusan awa shida. A Nijeriya an dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Littafin da aka rubuta sunaye da lambobin abokan ciniki da alƙalami bai tsufa ba. Shafin intanet na kai ba tilas ba ne ga mai shayi ko mai faci, amma makaranta, ko masauki, ko mai aika kaya wasu jihohi zai amfana da shi. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, kuma ana sabunta rajistarsu da kuɗi, in aka yi sakaci wani yana iya ɗauke sunan.

Tallan kuɗi

Bayan jerin kyauta akwai talla da ake biya, wanda yakan fito a sama da alamar da ke nuna cewa talla ne. Gwanjo ake yi a kansa: masu talla suna takara a kan kalma, kuma a Google yawanci sai an taɓa tallan ake cire kuɗi. A Facebook da Instagram mutum yana iya zaɓen garin da za a nuna tallan, da shekarun waɗanda za su gani. Mai sayar da waina a Lafiya da ya bar tallansa ya bazu Nijeriya duka ya zubar da kuɗinsa ne. A fara da kaɗan, a ƙayyade abin da za a kashe a rana, a kuma riƙa tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labarin shagon, a rubuta. Bayan wata guda littafin zai nuna ko tallan ya mayar da kuɗinsa. Yawan masu danna alamar so ba ciniki ba ne, mabiyan da ake sayarwa dubu-dubu kuwa galibi ba mutane ba ne, ba su taɓa sayen ko allura ba.

Makullin shago

Akwai wata asara da ta zama ruwan dare. Mai shago, saboda bai saba da waya ba, sai ya sa yaronsa ko wani ɗan unguwa ya buɗe masa shafi, shi kuwa ya buɗe da imel ɗinsa da lambarsa. Ranar da suka ɓata, ko yaron ya buɗe nasa shagon, sai ya tafi da shafin, da mabiyan, da shaidar shekaru. Kalmar sirri makulli ce. A buɗe kome da imel da lambar mai sana'ar, wanda zai taimaka a ba shi matsayin mai kula kawai, wanda ake iya cirewa kowane lokaci. A kunna tabbaci mai mataki biyu. Layin da ke kan allo kuma kada a bar shi ya mutu, domin layin da ya daɗe ba a aiki da shi kamfanin waya yakan sayar wa wani, masu saye su ci gaba da kiran baƙo da sunan shagon.

'Yan damfara sun san duk waɗannan ƙofofi. Wasu sukan kira su ce daga Google suke, za a rufe shafi in ba a biya ba, alhali shiga taswira kyauta ce. Wasu sukan yi alkawarin sa shago a lamba ta ɗaya cikin mako guda. Akwai masu taimakon gyara shafi na gaskiya, kuma haƙƙinsu ne a biya su ladan aikinsu, amma na gaskiya ba ya yin wannan alkawari, don ba a hannunsa abin yake ba. Wasu sukan nemi a karanto musu lambobi shida da suka shigo waya, da su ne kuwa ake ƙwace WhatsApp, a shiga karɓar kuɗi daga abokan cinikin mutum da sunansa. Har ila yau, kowa yana iya ba da shawarar gyara bayanin shago a taswira, har da lambar waya, saboda haka mai shi ya riƙa leƙawa lokaci lokaci. Saƙon shigar kuɗi ma ana ƙirƙirar na jabu. Kada kaya su fita sai an duba asusun an ga kuɗin a ciki.

Abin da doka ta tanada

Intanet ba dajin da babu hukuma ba ne. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa mai kasuwanci da wani suna wanda ba sunansa na yanka ba ya yi rajistarsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kuma ana yin haka ta intanet. Rajistar tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar, wanda mai saye daga nesa ya fi sakin jiki ya tura wa kuɗi. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana talla mai yaudara a kan inganci ko farashi. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta haɗa har da tallan intanet. Masu sayar da magani, na Bature ko na gargajiya, da kayan shafe-shafe, da abincin da aka ƙunshe, suna buƙatar rajista da izinin NAFDAC kafin su tallata. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa lambobin abokan ciniki sun zama amana, ba a sayar da su, kuma wanda ya ce a daina aiko masa da talla tilas a daina.

Wanda aka damfara, ko aka yi amfani da sunan shagonsa aka cuci jama'a, ya fara sanar da bankinsa nan take, domin jinkiri yana ba ɓarawo damar kwashe kuɗin. Ya adana saƙonni, da lambobin waya, da lambar asusun da aka tura kuɗi, kada ya goge kome don fushi. Ya sanar da abokan cinikinsa ta wata hanya dabam cewa shafin ya fita daga hannunsa, sa'an nan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin EFCC, inda ake bin irin waɗannan laifuffuka a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015.